Ƙayar da Ta Kai Mu Dhaka

Khala Moyna, ƙanwar mahaifiyata, ta shekara talatin tana gyaran kifi a kasuwar Chandpur. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ko a rufe mata ido, in ta shafa ƙaya za ta faɗa maka kifin. Bakinta kuwa ya fi wuƙarta kaifi. Mijinta Hashem, mai tuƙa kwalekwale, wanda take kira Baban Shiuli da sunan 'yarsu, ya daɗe da koyon yin shiru.

Wata damina ƙaya ta maƙale masa a maƙogwaro. Aka yi abin da aka saba: ya haɗiyi curin shinkafa uku ba tauna, ya bi da ayaba. Mahaifiyarsa ta sa shi ya kama ƙafar kyanwa ya roƙe ta. Ƙayar ta wuce, kowa ya yaba wa kyanwa.

Bayan mako biyu ƙirji ya soma ciwo, ga zazzaɓi. Ran nan ya yi aman jini cikin cokali guda. Mai kantin magani ya ce gyambon ciki ne.

"Gyambon gidanku," in ji Khala. "Ƙaya ce. Ni na san inda ƙaya ke tafiya in an tura ta da ƙarfi."

Ta sa shi a jirgin ruwa sai Dhaka, ni ina riƙe da jaka. A asibiti wani matashin likita ya rubuta maganin ciki zai sallame mu. Khala ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ɗana, ka karanta littafi, ni na karanta kifi. Ka ɗauki hoton ƙirjin nan, in ba komai ka zage ni."

Ya ɗauka don ya rabu da ita. Da ya dawo, fuskarsa ta canza. Ya ce ƙayar ta huda hanyar abinci, ta soki babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya. Jini ya taru a gefe kamar ƙullin leda, tsoka kaɗan ce ke riƙe da shi. Aman farko gargaɗi ne, na biyu ba a tashi.

Awa bakwai ana tiyata. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Kwana uku bayan nan likitan ya kawo ƙayar a kwalba, ya miƙa wa Khala da hannu biyu. Ta ɗaga ta a haske, ta juya ga gadon Hashem.

"Baban Shiuli, wannan ƙayar kifin rui ce. Rabona da dafa rui tun Sallah. Ina ka ci?"

"Rumfar bakin kogi," ya ce da ƙyar. "Nasu ya fi yaji."

Ta buɗe baki za ta soma, sai kuka ya riga ta. Ta kama hannunsa ta ƙi saki.