Tulasa Didi da Mata Uku Masu Suna Ɗaya

A asibitin ido na garinmu kowa na da abin faɗa a kan Tulasa Ghimire, wadda muke kira Didi, wato yaya. Likitoci na cewa ta cika nawa. 'Yan ofis na cewa tana tsefe fayil kamar gashin amarya. Ni direban motar marasa lafiya ne, sai da na haura arba'in na koyi karatu, na kuma saba da yin shiru. Yau ta yi ritaya bayan shekara ashirin da shida, zan yi magana.

Kullum da safe, shayinta na hucewa a gefe, takan buɗe fayil ɗin da ma'aikatan ƙauyuka suka turo. A cukurkuɗe yake zuwa, ɗaruruwan sunaye a layi guda. A allon rubutu zalla take aiki: ta ware wa kowane mutum layukansa, ta daidaita su, ta duba waƙafi, ta rufe bakan da aka bari a buɗe. Daga nan ake fitar da takardar da nake bi in ɗauko masu yanar ido.

Bara sabon manaja, Prajwal, ya kawo manhajar da ke goge sunan da ya maimaitu.

"Didi, aikinki na kwana uku, minti ɗaya ta yi shi."

"Madalla, ƙanena. Kanchhi Maya Tamang nawa ta bar maka?"

"Ɗaya mana. Biyun maimaici ne. Suna ɗaya, ƙauye ɗaya, ranar haihuwa ɗaya."

"A tsaunukan nan kowace auta Kanchhi ce. Wadda ba ta san ranar haihuwarta ba, farkon shekara ake rubuta mata. Sauko ƙasan fayil ɗin ka gani. Wannan idon hagu, wannan dama, wannan duka biyun."

Likitan tiyata sau ɗaya yake zuwa a shekara, duk wadda ta fita daga takardar nan sai ta ƙara shekara cikin duhu. Prajwal ya ce ta tura fayil ɗin haka nan, ko ya rubuta mata takardar gargaɗi.

"Rubuta," in ji ta. "In ka gama kawo in daidaita maka layukan."

Ba ta tura ba sai la'asar, bayan ta dawo da sunayen mutum arba'in da ɗaya da manhajar ta goge. Ni na ɗauko Kanchhi Maya uku a bakin hanya, kowacce da sandarta.

Ke ce mai taurin kan da ya amfane mu, Didi. A ce kina da nawa, a yi ta cewa. Mun gode. Ku kuma masu zama gaban kwamfuta, kafin ku goge layi, ku sauko ƙasa ku karanta kamar yadda take yi.

Shekara guda Prajwal bai nemi afuwa ba. Yau wajen bankwana ya matso zai ba ta haƙuri, ta nuna masa baranda da haɓa, inda biyu cikin matan nan uku ke jiran a sake duba su. Ya fita, ya haɗa tafukansa, muna ji.

"Aama, iyayena, ni ne na goge sunayenku. Ku yafe mini."