Baƙin Tabon da Ya Cinye Bakin Danladi

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Danladi, kuma har yau in na ga wanzami da zabirarsa sai fushi ya taso mini.

Ɗan kamasho ne a tashar Keffi. Da baki yake ci. In ya ƙwala "Masaka, Mararaba, Nyanya!" har Sabon Gari ana jin sa. Baƙin tabo ya fito masa a dasashin sama, ba zafi, ba ƙaiƙayi. Abokai suka ce goro ne. Da ya fara kumbura, kawunmu ya ce mataccen jini ne, a kira wanzami.

A tsakar gida aka yi. Maza biyu suka danne shi, aka cusa itace tsakanin haƙoransa, aska ta shiga. Jini ya wanke masa riga, yana shure-shure kamar rago ranar Kirsimeti. Kawu yana cewa, "Daure, ɗana, cutar ce ke fita." Ashe tsokano ta aka yi.

Ta dawo da faɗi, ga ƙullutu a wuya. A wani asibiti a Abuja suka yanki naman suka gwada. Likita ta ce ciwon daji ne, melanoma, wanda ba kasafai yake kama baki ba. Ta tambaya, "Wa ya taɓa wurin nan da wuƙa?" Kawu ya sunkuyar da kai. Likitoci suka cire rabin muƙamuƙinsa na sama, suka gasa wurin da na'ura har fatar ta ƙone. Mutumin da ke cika mota da murya ɗaya ya koma nuni da yatsa. Daga baya ciwon ya gangara huhu.

Yau an faɗaɗa titin Keffi zuwa Abuja, Abuja ta haɗiye ƙauyukan da yake kira. Da yana raye, da ya yi dariyar yaran tasha masu lasifika, na sani. Amma me zai ce in ya ji har yanzu aska muke fara nema?

Bara ɗansa Ishaku ya nuna mini ɗigon baƙi a dasashinsa. Kawu ya buɗe baki ke nan na ɗauko taɓarya na tsaya a ƙofa. Na ce, "Kawu, duk wanda ya shigo da zabira, a kwance zai fita."

Na kai shi asibiti, likita ta duba, ta ce launin fatarsa ne kawai. A hanyar dawowa Ishaku ya leƙa ta tagar mota ya ƙwala "Keffi, Keffi!" da muryar ubansa sak. Na bar shi ya yi ta kira.