Baba Kallamu, Motar da Ta Kashe Ka Ta Koma Lodi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, 9 ga Nuwamba, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Kallamu Bunu, direban da ya shekara ashirin yana kai mu kasuwar Ɗambatta daga ƙauyukanmu. An yi jana'izarsa bayan La'asar. Ya bar matarsa Falta da 'ya'ya biyar, babbansu Zaharaddini.

Baba Kallamu, ni ce Aina'u mai man gyaɗa, wadda kake ajiye wa kujerar bayanka don kada jarkokina su kife. Na so in rubuta maka kalmomi masu taushi, amma zuciyata tafasa take.

Kowa ya san tuƙinka. Samarin tasha har Kunkuru suke ce maka, kai kuwa sai ka amsa da dariya. Tun daga nesa kake sakin totur ka rage giya, motar ta lafa da kanta kafin ka taɓa birki. Kakan ce birki ba abin wasa ba ne, ajiya ce ta ranar tsanani. Wasu sukan cinye nasu a wata biyu, naka kuwa ya kai shekara, kuma da ka ji ya fara kuka sai ka kai wa bakanike, ko da ranar kasuwa ce. Na ga ranar da ka sa aka sauke wa wani Alhaji buhunan gero a tsakiyar kaka, yana kumfar baki. Ka ce masa nauyi ne ke cin birki, in yana gaggawa ga motoci nan. Da haihuwa ta zo wa ƙanwata Sakinatu da gardama, kai ka kai ta asibiti cikin ruwan sama, a hankalinka ɗin nan, kuma muka isa lafiya.

To dubi yadda ka tafi! Ka tsaya a gefen titi, ka fito kana sauke wa wata tsohuwa kwandonta, wata bas maƙare da buhuna ta taho a guje ta haɗa ka da motarka. Aka yi ta cewa birki ne ya tsinke, kamar birkin ne ya kwana ya tashi da mugun nufi. Ƙarya ne. Bakaniken da ya duba ta ya faɗa a gaban jama'a: babu man birki a cikinta, ruwan garin sabulu aka ɗura, an kuma toshe bututun birkin baya don yana yoyo. Wannan su ma dabarar sa birki ya daɗe suke kiranta. Mai motar ya sani, direban ya sani, masu yi mata lodi sun sani.

Mun yarda da ajali, ba wanda zai koya mana. Amma ajali bai hana a tambayi wanda ya kwaɓa sabulun ba.

Da mai motar ya zo gaisuwa da dattawa, Inna Falta ta yi magana daga bayan labule. Ta ce: “Alhaji, na yafe jinin mijina. Abu ɗaya nake roƙo, kada motar nan ta sake ɗaukar mutum sai an gyara birkinta.” Ya rantse da Allah.

Lahadin da ta wuce na ga motar a tasha, an buga gabanta an shafe fenti. Na je na tambayi bakaniken, ya ce ko noti ɗaya na birkin ba a kwance ba. Na tsaya a ƙofarta na faɗa wa fasinja abin da na sani. Wani da muka zauna makoki tare ya ce: “Yaya Aina'u, a bar wa Allah. Ita ce ke isa da wuri.” Mace ɗaya ce ta sauko da goyonta. Sauran suka tafi.

Allah ya jiƙan ka, Baba Kallamu, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Inna Falta, Zaharaddini da ƙannensa, Allah ya ba ku haƙuri da juriya. Waɗanda suka shiga motar nan Allah ya sauke su lafiya. Ni kam Lahadi mai zuwa ma ina bakin ƙofarta, ko man gyaɗana zai kwana ba a sayar ba.