Babban Yatsan Kawu

Har abada ba zan manta da ranar da kawuna ya shirya da na'urar tantance masu zaɓe ba. Kawu manomi ne a Garo, mai ɗan garken shanu, kuma fartanya da igiyar guga sun shafe zanen yatsunsa tas. A wani zaɓe na'urar ta ƙi karɓar yatsansa, ya koma gida bai jefa ƙuri'a ba. Shi ke nan abokan wasansa suka samu abin yi. Ko a kasuwa ya yi musu sallama, sai su ce ba su gane shi ba, ya kawo yatsa tukuna. Yakan yi dariya, amma abin yana cin sa a rai.

Shi ya sa da aka fara cewa a rediyo ana son kafa dokar taƙaita amfani da na'urar, kawu ya fi kowa murna. Sai dai har wani zaɓen ya matso doka ba ta fito ba, dole ya nemi mafita. Ya daina jan guga, ya daina ɗaure shanu. Safe da yamma yana shafa wa babban yatsan nan man shanu, ya naɗe shi da tsumma. Ko tuwo zai ci, yatsan na sama. Inna, matarsa, ta yi ta mitar man miyarta na ƙarewa.

Ranar zaɓe na raka shi rumfa. Ya warware tsumman a hankali, ya ɗora yatsa. Maiƙo ya ɓata gilashin, na'ura ta sake ƙi. Layi ya ɗauki dariya, har da ni. Da na ga idonsa ya kawo ruwa, sai tausayinsa ya kama ni.

Ma'aikaciyar zaɓen da ke riƙe da na'urar ta goge gilashin ta ce, "Baba, ɗago kai ka kalle ni." Ta ɗauki hoton fuskarsa, nan take na'urar ta amince. Ashe duk wahalar yatsan nan a banza aka sha.

Kawu ya jefa ƙuri'arsa, ya juyo ga abokan wasansa da ke cikin layi ya ce, "To, ita dai ta gane ni. Saura ku."

Tun daga ranar, in aka tayar da maganar dokar nan a rediyo, sai ya ce a ƙyale masa na'ura, sun shirya. Ni kuwa a nan na koyi cewa sau da yawa mai fushi ba faɗa yake nema ba, so kawai yake a gane shi.