Shaidar Rissa a Bangon Babana

Babana Ila bai taɓa mallakar raƙumi ba, ko akuyar da ke gidanmu ta Inna ce, amma duk Tanut da wuya a sami wanda ya kai shi sanin shaidar raƙuman Damargu. A bangon shagonsa ya koye su.

Haifaffen Gangara ne, ɗan manoma, kuma shi da bakinsa yake faɗa cewa shi da hauya ba su taɓa shiri ba. Ya gudu ya bi manyan motoci tsakanin Kano da Agadas shekara goma sha ɗaya, har ranar da taya ta fashe ta bar shi da ɗingishi. Abin da ya dawo da shi gida a 1999 akwatuna biyu ne na katako, kowanne ya fi shi tsayi, da gilashin tele a sama, da 'yar sanda da maɓallai a tsakiya. Inna ta ɗauka firij ne, har ta fara murnar ruwan sanyi. Da aka ta da injin wuta, wasu ƙarti biyu suka fito cikin gilashin suna naushin juna, sai ta yi salati ta shige gida.

Shagon shi ne ɗakin ƙofar gidanmu, a kan hanyar kasuwar dabbobi. Akwati ɗaya na dambe ne, ɗaya na tseren mota. 'Yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, su ne suka fara cika shi, sannan 'ya'yan makiyaya da ake zuwa da su ranar kasuwa don su riƙe akala. Sukan ɗaure raƙumin a gawon da ke bakin hanya su leƙo, wai kallo kawai za su yi. Ba a daɗe ba aka san cewa duk uban da ya nemi ɗansa a kasuwa ya rasa, shagon Ila zai nufa da sandarsa.

Ni ba a taɓa barina na shiga ba, saboda ni mace ce. Sunana Hafsatu, ni ce 'yarsa ta fari, kuma har yau abin yana yi mini zafi. Bangon baya na shagon shi ne bangon ɗakin Inna, don haka na girma ina jin ihun 'ya'yan wasu a cikin gidanmu, ni kuwa ina tankaɗe. Na san muryoyinsu da sunayensu, ban san fuskokinsu ba.

Akwatin damben yana da wata ɗabi'a. In mutum ya kafa bajinta, sai ya nemi ya sa sunansa da baƙaƙen boko. 'Ya'yan makiyaya ba su san boko ba, kuma da an kashe injin wuta sai akwatin ya manta da kowa. Wata rana wani yaron Buzaye mai suna Rissa, daga wajen Tarka, ya doke duk 'yan gari a dambe, ya dawo kasuwa ta gaba ya tarar babu alamar ya taɓa yi. Ya yi fushi ƙwarai. Baba ya ciro ƙusa ya miƙa masa, ya nuna masa bangon baya, ya ce ya rubuta da abin da ya sani. Rissa ya zana shaidar gidansu, wadda ake ɗana wa raƙumansu da wuta a wuya: layi biyu a tsaye da ƙugiya a ƙasa.

Daga nan abin ya zama doka. Wanda ya ci kowa a ranar kasuwa, shi ke karɓar ƙusa. In ya sake ci, ya ja ɗan layi a gefen shaidarsa. 'Ya'yan Fulani suka riƙa zana irin tsagar kunnen shanunsu. 'Yan gari da ba su da ko kaza suka ga sunan boko bai yi kwarjini ba, su ma suka ƙirƙiro tasu shaidar. Baba yakan zauna kan kujerarsa ta ƙarfe da gwangwanin jeto, ƙarafan da ake saya a jefa wa akwatin, a cinya, yana raba faɗa, yana korar kowa in an kira salla, yana karanta wa baƙi bangon kamar malami a gaban allo. Layukan Rissa sun kai arba'in da wani abu, babu wanda ya kama rabinsu.

Ba rana ɗaya shagon ya mutu ba. Fari ya zo a 2010 ya cinye dabbobi, iyaye da yawa suka daina zuwa kasuwa domin babu abin kawowa. Samarin da suka girma suka tafi Libiya ko haƙar zinariya a arewa. Ƙannensu kuma suka tashi da waya a hannu, kowa da nasa wasan a aljihu, ba jeto, ba layi, ba tsoho mai ɗingishi da zai ce a tashi a yi salla. Akwatin tseren mota ya mutu, aka rasa mai gyara har Damagaram. Na damben yana kamawa, sai dai launinsa ya koma kore. Duk da haka kowace ranar kasuwa Baba sai ya share shagon, ya goge gilashi, ya kunna, ya zauna. Ƙartin nan biyu su yi ta dukan juna su kaɗai har la'asar. Na sha yi masa tsiya a kan haka, yanzu kuwa in na tuna sai in ji kunya.

Bara, kafin damina, na zo hutu daga Belbeji inda nake aikin ungozoma a gidan likita. Na shiga ɗakin Inna na ga tsaga a bangon, daga rufi har ƙasa, yatsana yana shiga. Gadonta na jingine da wurin, kuma 'ya'yana biyu da ke zaune wurinta a kansa suke kwana. Na kira Abdulgafar magini. Ya ƙwanƙwasa, ya leƙa ta cikin shago, ya girgiza kai.

"Shekara nawa rabon da a yi wa wannan yaɓe?"

"Ba a taɓa ba," in ji Baba, har da alfahari.

"To, Baba, gindinsa ya ciwu. Sai an rushe an sake. In ruwa mai ƙarfi ya zo, ba ni cikin alhakin kowa."

Baba ya ce ba zai yiwu ba. Na ɗauka son akwatunansa ne, sai ya kawo maganar da ta sa na riƙe baki. Ya ce a wurin makiyaya, ba mai goge shaidar wani sai ɓarawo. Ya ce shi ya ba yaran nan ƙusa da hannunsa, amana suka bar masa, kuma ba zai taɓa bangon ba sai ya nemi izinin masu shaidar.

"Baba, a kan raƙumi ake wannan maganar," na ce. "Wannan laka ce!"

"Shaida shaida ce, Hafsatu."

Mutumin nan da gaske yake. Ya kwafe zanen bangon duka a takarda, ya shiga bin kasuwanni da ɗingishinsa, daga Tanut zuwa Gangara, yana tare mutane masu gemu yana nuna musu zane. Waɗanda suka yi nisa ya sa aka nemo masa lambobinsu. Na yi zaton zai sha wahala kafin su yarda, ashe yardar ce za ta ba shi wahala. Wani ya yi dariya har da hawaye. Wani ya ce, "Wane bango kuma?" Wani direba da ya yi shekara huɗu yana kwana yana tashi da maganar shagon ya ce, "Haba Baba Ila, kana nan da abubuwan nan? Rushe abinka." Kowa ya yafe masa a cikin minti ɗaya. Inna ta ce kullum ya dawo da izini sai ya kasa cin tuwo.

Saura Rissa. Aka ce an gan shi a Belbeji, inda na riga na koma bakin aiki, don haka Baba ya shigo mota ya sauka a wurina. Da hantsi muka fita nema, ba mu yi nisa ba. Akwai wata mangazar hatsi, wato babban ɗakin ajiya, a kan hanyata ta zuwa aiki, da mai gadi siriri mai rawani da nake gaisarwa shekara biyu ba tare da na san sunansa ba. Yana ganin Baba ya miƙe tsaye, butar shayinsa ta kife.

"Baba Ila!"

Sai a lokacin na gane muryar. Ta yi kauri, amma ta Rissa ce. Ya rungume Baba, ya shimfiɗa masa buzu, ya sake ɗora shayi. Suka yi ta hira, ni ina gefe kan dutse. Rissa ya tuna komai: maɓallin da ke maƙalewa, ranar da ubansa ya zo da bulala Baba ya ɓoye shi bayan akwati, sunan kowane ɗan gari da ya kayar. Rabon da in ga Baba yana dariya haka na manta. Sai bayan kofi na uku Baba ya ciro takardar, ya buɗe, ya nuna masa layi biyu da ƙugiya.

Rissa ya daɗe yana kallonta. Ya ja rawaninsa ya rufe hanci.

"Tana nan?"

"Tana nan, da layukanka duka."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Baba, ka san a shekarar fari muka rasa raƙumanmu. Abin da ya rage muka sayar muka ci. Tsohona ya rasu bai bar ko taguwa guda ba, ƙarfen ɗana shaidar ma ban san inda ya shiga ba. Yau duk faɗin ƙasar nan babu dabbar da ke yawo da shaidar gidanmu. Wurinka kaɗai ta rage. Ina gaya wa 'ya'yana, in ce akwai wani gida a Tanut, wata rana zan kai ku ku gani."

Na dubi Baba ina jiran ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ninke takardar ya mayar aljihu, ya ce shayin ya yi daɗi.

Da muka koma Tanut tare a ƙarshen mako, Inna ta tambaye shi ko an dace. Ina tsaye a wurin ya ce mata, "Ba mu same shi ba, sai an ƙara nema." Bai dube ni ba. Ban taɓa jin babana ya yi ƙarya ba sai ranar, kuma na san ba zai ƙara neman kowa ba.

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Na ce a ɗauki hoton bangon a waya, ya ce hoto ba shaida ba ne. Na tambayi Abdulgafar ko za a iya yanke wurin a ajiye, ya ce lakar ta mutu, ana taɓa ta za ta zube. Na ce Inna ta koma ɗaya ɗakin, ta ce ɗakin da aka kawo ta tana amarya ba za ta bar wa akwatin dambe ba. Ana cikin haka aka yi ruwan farko, ba ma mai yawa ba, tsagar ta buɗe har ana hango hasken shago daga kan gado. Na ga 'yata ƙarama tana leƙe ta ciki tana dariya.

Ranar Juma'a, da Baba ya tafi masallaci, na kira Abdulgafar da mutanensa. Suka ce su ma masallacin za su, na ce bango ɗaya ne, kuma ni na ɗauki alhakin. Muka ja akwatunan waje, muka fitar da gadon Inna. Ranar ce na fara shiga shagon na tsaya a gaban bangon da kyau, ina da shekara talatin da biyar. Ya fi yadda nake zato kyau. Na nemi layi biyu da ƙugiya na same su can sama, inda yaro sai ya taka kujera zai kai. Sannan na fita na ce su fara. Ko rabin awa bai ɗauka ba.

Baba ya dawo da darduma a kafaɗa. Ya tsaya a ƙofar shago yana kallon cikin ɗakin Inna ta inda da bango yake. Na shirya wa faɗa, na tanadi amsoshina duka, da ma ya yi faɗan da na fi samun sauƙi. Ya dubi jikokinsa da ke wasa a kan tarin ƙasar, ya dube ni.

"Kin yi daidai," ya ce. "Amma ke za ki gaya wa Rissa. Ni ba ni iyawa."

An gina sabon bango na siminti. Akwatunan suna zaure an lulluɓe su da tabarma, Baba bai sake kunna ko ɗaya ba. Ranar kasuwa yakan fito da kujerarsa ƙofar gida ya zauna yana kallon masu wucewa da dabbobi, ba ya tare kowa.

Ni kuwa na koma Belbeji, kuma babu wata hanyar zuwa gidan likita sai ta gaban mangazar. Yanzu da Rissa ya san ko ni 'yar wace ce, ba ya barina in wuce sai ya taso. Yakan tambayi jikin Baba, ya tambayi Inna, ya ba ni dabino in kai wa yara. Shekaranjiya ya ce mini babban ɗansa ya isa tafiya, in Allah ya kai mu bayan kaka zai nemi hutun kwana biyu su je Tanut.

"Ya bangonmu, Hafsatu?"

Shekara guda ke nan ina shirya maganar a bakina kowace safiya. Na gyara jakata a kafaɗa, na ce masa yana nan.