Gasar Malam Bube a Ɗakin Sanyi

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Malam Bube ya san yatsunsa ba sa hutawa. In kuna cin tuwo yana ƙwanƙwasa gefen kwano, in kuna cikin mota yana ƙwanƙwasa bayan kujerar direba, in ka yi sakaci ka ba shi baya a wurin ɗaurin aure, a kafaɗarka zai buga abin da yake bugawa. Kuma kada Allah ya sa ka fara ba shi labari ka yi tuntuɓe a tsakiya. Sai ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Akwai kuskure. Koma layin hwarko." Ya faɗa wa surukinsa, ya faɗa wa ɗan sanda, ya taɓa faɗa wa wani mai wa'azi a bakin kasuwa, da ƙyar muka fitar da shi da hularsa.

Ni Modi, taubashinsa ne, kowa a cikinmu bawa yake kiran ɗan'uwansa. Unguwa ɗaya muka tashi a Ƙofar Dundaye cikin Sakkwato. Ni na bi mahaifina kasuwa sayar da atamfa da shadda, shi kuwa boko ya ja shi. Lokacin da kuɗin mai ya yi wa gwamnati yawa har ta rasa inda za ta zuba, aka tura shi Turai koyon kwamfuta. Da ya dawo, ma'aikatarsu ta sayo na'ura mai girman rumbu uku, aka gina mata ɗaki da iyakwandishan huɗu, alhali ɗakin shan maganin unguwarmu ko fanka babu. Aka ba Bube ma'aikata huɗu ya koya musu yadda ake rubuta wa na'urar umarni.

Ni na jawo wa kaina. Wata rana na ja shi kallon dambe wajen Kwalkwalawa. Ana kiɗa, ana ihu, ni har na yar da takalmi, na waiwaya na ga mutumin yana hamma.

Ya ce, "Wanga shi na kallo? Ƙattai biyu na bugun juna, ko akuya ta gane wanda anka kashe. Taho ofis ran Asabar ka ga hwaɗan ƙwaƙwalwa."

Na je. Wayyo ni, na je! Ashe gasa yake haɗa wa mutanensa huɗu: ya ba su tambaya guda, kowa ya rubuta umarninsa a takarda, ya huda shi a kati, ya ɗura wa na'ura, wanda ta fara ba wa amsa daidai shi ya ci. Daga hantsi har azahar ina zaune ina kallon ƙeyar mutum huɗu. Ba abin da kake ji sai ƙarar fensir. Bube kuwa yana zagaya bayansu a kan yatsun ƙafa, yana cizon hula.

Can sai ya damƙe hannuna. "Modi! Modi! Ka gani?"

"Mi?"

"Garba ya mance waƙahi! Ya mutu bai sani ba!"

Na dubi Garba, ɗaya cikin huɗun. Yana nan da ransa, yana sosa kunne da fensir.

Daga ƙarshe Hajara ta tashi, wata mai buga tafireta da Bube ya ɗauko ya koya wa aikin, ta fi mazan duka kaifin kai. Ta zuba katunanta, injin buga takarda ya yi tari sau biyu, ya tofo lamba guda. Bube ya yi tsalle har hula ta faɗi. Ya ce, "To, bawana, yaya kag gani?"

Na ce, "Na taɓa gadin shanyar gero wuni guda, ya hi wanga daɗin kallo. Can ko kaji na zuwa."

Da wani ne, da ya ji haushi. Bube sai ya ƙwanƙwasa tebur, ya ce, "Na gane. Kiɗi na babu."

Asabar ta gaba sai ga shi da mai kalangu da maroƙi, ya ɗauko su daga filin dambe. Maroƙin ya leƙa ɗakin ya ce, "Malam, wa za ni zugawa? Ban ga wanda yaɗ ɗaure hannu ba." Bube ya nuna masa Garba. Mutumin ya tsaya a kansa ya kwarara murya, "Garba na Hauwa, mai hensir awa mashi!" Fensirin Garba ya karye biyu, Hajara ta toshe kunne da bakin mayafi. Ranar ba wanda ya ci.

Amma bazara ce, kun dai san ranar Sakkwato. Maroƙin nan ya fita ya shela wa gari cewa akwai wani ɗakin gwamnati da in ka shiga kamar an saka ka cikin randa, kuma ba a hana kowa. Kafin wata guda ɗakin ba masaka tsinke: dillalai, masu tura baro, tsofaffin unguwa har da tabarminsu. Bube ya riƙa taka ƙasa da ƙarfi. "Ka gani? Sakkwatawa sun waye!"

Na ce, "Bube, rabinsu minshari su kai."

"Sun ruhe ido na don su natsu."

Da iyakwandishan biyu suka mutu, aka rasa kayan gyara, ɗakin ya koma ni kaɗai a kan benci. Ya dubi bencin ya ce, "Damina ta kusa, sun tahi sharar gona." Har ya koma ga Allah bai yarda sanyi suka zo sha ba.

Sai kuɗin mai ya ja baya, sojojin da ke mulki suka ce a tsuke bakin aljihu, aka fara raɗe-raɗin za a rufe ɗakin a watsa mutanensa. Bube ya ce zai nuna wa manya amfanin na'urar da idonsu. Ya gayyato Daraktan ma'aikatar, da wani Manjo da ke shugabantar kwamitin rabon filaye a Arkilla. Dama an kawo wa ofishinsa jerin sunayen waɗanda suka sami filayen don a buga shi tsaf, kuma doka ta ce mutum ɗaya fili ɗaya. Bube na neman abu mai tsawo da zai burge baƙi, sai ya ɗauki jerin. Ya tsaya gaban allo ya rubuta tambayar da Hausa ɓaro-ɓaro: a fito da duk sunan da ya zo fiye da sau ɗaya.

Ranar ce na fara fahimtar tambayar gasa. Kuma nan take na tuna ni kaina fili biyu gare ni a jerin nan. Na biyun bandir ɗin shadda na kai gidan Darakta kafin ya fito.

Darakta ya gyara zama ya ce, "Malam Bube, ba a sauya tambaya?"

"An riga an hura usur, ranka shi daɗe."

Jama'a, ban taɓa ganin kallo irin na ranar ba. Ba mai kalangu, ba maroƙi, ba sanyin kirki, amma ba idon da ya bar fensiran nan huɗu. Manjo ya daina kaɗa sandarsa. Masinjoji da akawu-akawu suka cika tagogi. Da Garba ya zuba katunansa na'ura ta ƙi karɓa, Darakta bai san sanda ya tafa ba. Ni kuwa ina ta addu'a Allah ya sa a ɗauke wuta. Ba a ɗauke ba. Ranar kaɗai a shekarar.

Hajara ta tashi. Injin ya fara bugawa, bai tsaya a layi ɗaya ba, takarda ta zubo ta naɗe a ƙasa. Bube ya kama bakinta ya fara karantawa da muryar maroƙi, ga shi ya san kowa a garin nan.

"Direban Manjo, tara!"

Tagogi suka ɗauki ihu.

"Jikan Darakta, wanda munka ci sunanai watan jiya, huɗu!"

Wani masinja ya faɗi ƙasa don dariya.

"Modi mai atamhwa, Ƙohwar Dundaye..." Ya ɗago ya dube ni. Na girgiza masa kai, na roƙe shi da ido. Ya ce, "Biyu! Kai ko cuta ba ka iya da yawa ba, bawana."

Manjo ya tashi ya fita bai yi sallama ba, Darakta ya bi shi yana tuntuɓe da babbar riga. Bube ya zo kusa da ni, fuskarsa na sheƙi kamar ango, ya ce, "Yanzu hwa? Akwai daɗin kallo ko babu?"

Akwai. Kafin mako ya zagayo aka sa wa ɗakin kwaɗo. Aka mai da Bube sito yana tsaron tsintsiya da bokiti, mutumin da gwamnati ta kai Turai. Hajara ta koma kan tafireta har ta gaji ta ajiye aikin. Na'urar aka fitar da ita gindin dogon yaro, awaki suka haihu a cikinta. Fili kuwa ko taki ɗaya ba a karɓe wa kowa ba.

Ni shekara uku ban yi masa magana ba. Abin da ya fi wannan muni, da mutanen Darakta suka zo rumfata suna tambayar ko wani ne ya sa shi, cewa na yi, "Ku rabu da shi, boko ya taɓa mai kai." Maganar nan ta zaga gari, ta bi shi har ya yi ritaya. Yara a unguwa suka riƙa ƙwanƙwasa bango in ya wuce.

Ranar sadakar uku kun ga Darakta, ya tsufa, an riƙo shi, yana gaya wa mutane marigayi mai gaskiya ne, ƙasar nan ce ba ta san darajar irinsu ba. Na so in tashi in fita. Sai na tuna ban fi shi da komai ba, na zauna.

Kwana biyar kafin ya cika na shiga ɗakinsa. Ya rame, hannayensa na kwance a kan bargo. Na durƙusa na ce, "Bube, ka yahe min."

Ya kalle ni ya ce, "Ka maida hilin?"

Na ce, "A'a."

Ya yi 'yar dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "To, Allah shi yahe muna baki ɗaya. Miƙo min ruwa."

Na ɗaga kansa na ba shi, ya sha kurɓi biyu.

Allah ka jiƙan Abubakar, Bube namu, ka yalwata masa kabarinsa, ka ba shi a can abin da muka hana shi a nan. Mu kuma ka ba mu ikon gyara abin da muka ɓata kafin namu kiran ya zo. Amin.