Tabon da ke Ƙafar Dukushin

Ina durƙushe ina shafa ƙafafun dukushin, sai yatsana ya faɗa kan wani dogon tabo a ƙafar baya ta hagu. Tsohon tabo, a jikin ɗan dokin da ko sirdi bai sani ba.

Wajen tsakiyar shekarun saba'in ne, ina aikin reluwe a Kafanchan. Ni da abokina Bitrus muka shirya sayen dokin sukuwa, rabi nawa rabi nasa. Cigiyar doki mai asali ta kai mu wani ƙauye a hanyar Kachia.

Na ce da mai dukushin, "Baba, wane ne ubansa?"

Tsohon ya nuna wani tudun ƙasa a gindin ɗorawa. "Baƙin doki na, ga kabarin shi nan. Ba a taɓa wuce shi a gudu ba. Waya ya yanka shi a wannan ƙafa, shi ne ajalin shi."

"Yaushe?"

"Tun kafin yaƙin basasa. Ba wani doki a garin nan, yaro na. Uwan dukushin dai tana tsinke igiya ta je can ta kwanta."

Na waiga, Bitrus har ya hau kekensa.

Ku da kuka san dawaki, don Allah, ana gadon tabo?